Nasiha ga Masu Yi wa Jama'a Hidima: Haƙƙin Wanda Ba Ƙabilarka Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci Annabi Adamu daga ƙasa, ya bambanta harsunan zuriyarsa da launukansu, ya sanya wannan bambanci ya zama aya ga masu lura. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, Larabawansu da Ajamawansu, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, nasiharmu ta wannan fitowa ta fuskanci wasu bayin Allah da ke tsayuwa tare da mu a sahu kowace Juma'a: malamin asibiti da ungozoma, malamin makarantar boko, magatakardan ma'aikatar magajin gari, mai rubuta sunaye ranar rabon cimaka, ma'aikacin ƙungiyar agaji, har da ƴan kwamitin zakka da na marayu a masallatanmu. Abin da ya haɗa su shi ne mabukaci yakan zo gabansu, kuma Allah ya sanya biyan bukatarsa ko hana ta a hannunsu. Wannan amana ce, kuma a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 58, Allah (S.W.T.) ya haɗa umurnin mayar da amana ga masu ita da umurnin yin adalci tsakanin mutane. Mutane ya ambata, bai keɓe dangi ko ƴan garinku ba.

Akwai dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana yanzu. Dokar shekarar 2001 ta ƙidaya harsuna goma a matsayin harsunan ƙasar Nijar: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak na Abzinawa, Barbarci, Tubanci, Larabci, Gurmanci, Budumanci da Tasawak na mutanen Ingal. A shekarar 2025 kuwa kundin da hukumomi suka kafa ya ɗaga Hausa ita kaɗai ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ba sharhin siyasa ya kawo mu ba. Mutane da yawa sun yi murna, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi murna da ɗaukakar harshen da ya sha a nono. Sai dai kowace ni'ima tana tafe da hisabinta. Hausawa sun fi rabin jama'ar ƙasar nan, kasuwa da Hausa take ci, yanzu ga doka ta ƙara mata ƙarfi. Wanda ke da rinjaye irin wannan shi ne ba ya jin nauyin da yake ɗora wa wasu, kamar yadda mai takalmi ba ya sanin akwai ƙaya a hanya.

Mu dubi abin da ke aukuwa a gidan likita, domin a nan ne kuskure ke cin rai. Bafulatana ta taso daga ruga a arewacin Dakoro tun da asuba, goye da yaro mai zazzaɓi da zawo. Hausar da ta iya ta sayar da nono ce: gaisuwa, ciniki, ƙirgen kuɗi. Ba ta isa ta faɗi kwana nawa yaro ya yi ba ya kama nono ba, ko ya suma cikin dare, ko wane saiwa aka riga aka jiƙa masa. Malamin asibiti ya gaji, layi ya yi tsawo, ya jero mata tambayoyi da sauri. Ita kuma kunya da tarbiyyar gidansu sun hana ta ta ce ba ta gane ba, sai ta riƙa gyaɗa kai. An rubuta magani, an ce rabin ƙwaya safe da maraice har kwana uku, ko yaro ya ji sauƙi kada a daina. Ba ta ji ko ɗaya ba. In yaron ya ƙara tsananta, ko Allah ya yi masa cikawa, ba za ta sake komawa ba, kuma za ta gaya wa matan rugarsu abin da ta gani. Gaba sai su nufi mai tallar magani a kasuwa, wanda aƙalla yakan tsaya ya saurare su tun da kuɗinsu yake so. Sa'an nan a zauna a ofis a ce ai Fulani ba su son asibiti. Tun shekarar 2006 hukuma ta ayyana cewa maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta ne. Amma kyautar da ba a bayyana wa mai ita da harshen da yake ji ba, ina amfaninta gare shi?

Allah ya sanar da mu a Suratu Ibrahim, aya ta 4, cewa kowane Manzo da harshen mutanensa aka aiko shi domin ya bayyana musu. In wahayi, da girmansa, ya sauko zuwa ga harshen masu sauraro, to wane ne ma'aikacin da ya fi ƙarfin ya sauko? Kuma ya tabbata a hadisi cewa Annabi (S.A.W.) ya umurci Zaidu ɗan Sabitu (R.A.) ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙun da ke shiga tsakani, ya kuwa koya cikin kamar rabin wata. Ba mu ce kowace ungozoma sai ta zama tafinta ba. Amma wadda aka tura aiki Abalak ko Barmo ta shekara biyar ba ta iya cewa "ina ke ciwo?" da harshen matan da take karɓar haihuwarsu ba, ta binciki zuciyarta, domin da kasuwanci ya kai ta can da ta iya cikin wata guda. Kalmomi talatin sun isa su sauya fuskar aiki. Abin da ya wuce nan a nemi tafinta, kuma ga mace a nemi mace. Mummunar al'ada ce a jawo yaro ɗan shekara goma a ce ya fassara ciwon da uwarsa ke ɓoyewa har ga mijinta. Uwar za ta gwammace ta koma da ciwonta. In an gama bayani, a ce da mai jinya ya maimaita abin da ya fahimta, a yi masa zane a jikin takardar magani: rana tana fitowa, rana tana faɗuwa. Wannan ba ya cin ko dala. A nan kuma masallatai suna da aikin yi, domin babu babban masallaci a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai da ba a samun mai jin Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci a cikin sahunsa. A rubuta sunayen masu sa kai, maza da mata, a kai wa shugaban gidan likita na unguwa. Sadaka ce da harshe.

Sai maganar layi. Kowa ya san yadda ake yi: wanda ya zo da babbar riga, ko ya gaisa da ma'aikaci da sunan unguwarsu, sai a ɗaga masa labule, mai rawani da sanda wanda ya kwana a bakin ƙofa kuwa a ce ya jira. Ku tuna da sababin saukar farkon Suratu Abasa. Annabi (S.A.W.) yana magana da manyan Ƙuraishawa, yana kwaɗayin musuluntarsu, manufa mai kyau ƙwarai, sai Abdullahi ɗan Ummu Maktum (R.A.), makaho, ya zo da tambaya. Ɗaure fuska kawai aka yi da juya kai, ga wanda ba ya ma iya ganin fuskar, amma Allah ya saukar da ayoyin da ake karantawa har tashin ƙiyama. To yaya hisabin wanda ya juya wa mabukaci baya ba don wata maslaha ta addini ba, sai don kalar fatarsa, ko tsagen fuskarsa, ko warin dabbobi a tufarsa?

Harshe kuma yana da nasa rauni. Suratul Hujurati, aya ta 11, ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi, sa'an nan aya ta 13 ta bayyana cewa an sanya mu dangogi da ƙabilu ne domin sanin juna, fifiko kuwa da taƙawa yake. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Zarri (R.A.) ya goranta wa wani mutum da uwarsa, Annabi (S.A.W.) ya sanar da shi cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Abu Zarri fa, wanda ya riga mafi yawan sahabbai shiga Musulunci. Saboda haka kada wani ya ce salla da azuminsa sun wanke shi daga wannan cuta. "Kai ɗan daji", "ke bagidajiya", "irinku ba ku ganewa": waɗannan kalmomi sun zama ruwan dare a bakin wasu ma'aikata har ba su jin nauyinsu.

Wani zai ce ai wasa ne na taubasai. Gaskiya ne Allah ya yi wa ƙasar nan baiwa da wannan wasa, tsakanin Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, Zabarmawa da Abzinawa, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a shekarar 2014, kuma ya kashe wutar fitina da yawa. Amma wasan taubasai a inda kowa ke iya ramawa ake yin sa. In ɗaya yana riƙe da hatimi ko allura, ɗayan yana tsaye da bukata, dariyar da mabukaci ya yi ta tilas ce. Ka biya masa bukata tukuna, ka tsokane shi a bakin kasuwa.

Akwai kuma wariyar da ba ta bukatar mugun mutum, takarda kaɗai ta ishe ta. Ranar rabon cimaka ko sayar da hatsi da rahusa, yawanci da jerin sunayen mai gari ake aiki, watau magidantan da ke biyan haraji a hannunsa. Makiyayin da ya shekara ashirin yana zaune a gefen garin, harajinsa yana hannun arɗonsa ko sarkin ƙungiyarsu, wanda mai yiwuwa yana wata gunduma mai nisan kwana biyu. A nan an ce ba ɗan gari ba ne, a can an yi rabo ba ya nan. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi, amma ya kwana da yunwa. A yunwar 2005, da fārin 2010 wanda ya karkashe dabbobi a yankin makiyaya, an ga magidanta da suka wayi gari ba ko akuya, kuma irin waɗannan ba su saba da roƙo ba, sun fi son su mutu a zango da su tsaya a layi a ce musu sunansu ba ya ciki. Haka takardar haihuwa: yaron da aka haifa a mashekari ba a rubuta shi ba, ranar jarrabawa a ce ba shi da takarda, in ya girma jandarma su tsare shi a hanya kamar baƙo a ƙasar kakanninsa. Ma'aikacin da ke tsoron Allah ba ya cewa "ba ka cikin takarda" ya rufe littafi. Yakan tambayi kansa wane ne takardar ta manta, ya kai maganar gaba, ya nemi a fita da alƙali da magatakarda zuwa bakin rijiyoyi da kasuwannin dabbobi da wuraren taron makiyaya irin na Ingal, a rubuta mutane a inda suke.

Ku karanta aya ta 60 a Suratut Tauba. Kashi takwas aka ambata na masu cin zakka, duka da siffar bukata ko ta aiki, babu inda aka ce ɗan gari, har ma matafiyin da guzuri ya yanke masa an ba shi kashinsa daban. Alƙali Abu Yusufa ya kawo a littafinsa na Haraji cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya ga wani tsoho daga ma'abota Littafi yana bara, ya kama hannunsa, ya sa aka yanka masa abin rayuwa daga baitulmali, domin a ganinsa ba adalci ba ne a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi da tsufa. Wannan ga wanda ba Musulmi ba ke nan. Bagurmen da ke bin wani addini in ya zo asibiti ko wurin rabon agajin gwamnati, haƙƙinsa daidai yake da na liman.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, wadda mutane ba su son a taɓa. A cikin kowace ƙabila tamu, Hausawa, Abzinawa, Fulani, Zabarmawa, Larabawa, akwai gidajen da har gobe ake nuna su da baki a ce asalinsu bayi ne. Su ne marasa rinjaye a cikin marasa rinjaye. Ƙungiyar Timidriya, wadda sunanta ke nufin ƴan'uwantaka da Tamajak, tun 1991 take wannan gwagwarmaya, kuma a shekarar 2003 dokar ƙasa ta sanya bautar da mutum laifi ne mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Labarin Hadizatu Mani sananne ne. An sayar da ita a yankin Ƙwanni a shekarar 1996, tana da shekara 12, a kan jika 240 na sefa, a matsayin wahaya, wadda ake kira mata ta biyar. Da ta sami takardar ƴanci a 2005 ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta da sunan ta yi aure kan aure. A watan Oktoba na 2008 kotun ƙungiyar CEDEAO, wadda Nijar ke cikinta a wancan lokaci, ta yanke cewa hukuma ta kasa kare ta, ta umurci a biya ta diyyar miliyan 10. Ku ƙirga ƙofofin da yarinyar nan ta wuce ta gabansu shekara tara: gidan likita, fadar sarki, masallaci. Nawa ne suka ga halinta suka ce ai al'ada ce?

Abin takaici shi ne da rigar addini ake suturce wannan ɓarna. Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi cewa mutum uku Allah da kansa ne abokin husumarsu ranar ƙiyama, ɗayansu wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Kuma sama da shekara ɗari huɗu da suka wuce, wajen 1615, mutanen Tuwat na cikin Sahara suka aika wa Shehu Ahmadu Baba na Tumbutu da tambaya a kan bautar da baƙar fata. Ya amsa musu a littafinsa Mi'irajus Su'udi cewa launin fata ba ya sa mutum ya zama bawa, kuma ya ambaci mutanen Barno da Kano da Katsina da Songai a cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Ku lura da kyau, ya ku Katsinawan Maraɗi: kakanninmu ne ake shawarar sayarwa saboda launinsu, malami ya tsaya musu. Jikan wanda aka kare jiya shi ne yau zai ce da ɗan'uwansa ɗan bayi?

Abin da ya hau kan ma'aikaci a nan a fili yake. In an zo rabo, a danƙa wa kowa nasa a hannunsa, kada wani ya ce "mutanena ne, ku ba ni nasu". In mace ta zo awo tare da wanda ke amsa mata kowace tambaya, ungozoma ta nemi ganawa da ita su biyu. Malamin makaranta ya lura da wane yaro ake zaunarwa a baya, wane ne kullum ake aika shara da ɗibar ruwa. Liman kuma kada ya shafa fatihar abin da ya san ciniki ne.

Zamanin nan ya ƙaro wata fitina, ita ce zato. Tun shekarar 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka shigo yankin Gidan Rumji saboda ƴan bindiga, satar mutane da ta shanu ta tsallako iyaka, sai wasu suka mayar da kowane Bafulatani abin tuhuma, alhali rugage na cikin waɗanda aka fi kwashe wa dukiya. Haka ya sami Budumawa a jahar Difa bayan da aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi a 2015. Mu mutanen jahar Maraɗi mun san inda wannan hanya take kaiwa. A watan Oktoba na 1991, a Toda, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani fiye da 100, mafi yawansu mata da yara, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Alƙur'ani ya nanata a wurare da dama, daga ciki har Suratul An'ami aya ta 164, cewa ba a ɗora wa rai laifin wani rai, kuma Suratul Ma'ida aya ta 8 ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Bincike aikin jami'an tsaro ne da alƙalai. Aikin malamin asibiti ya ɗaure rauni, aikin mai rabo ya auna tiya cikakkiya. Matashin da aka wulaƙanta uwarsa a gidan likita, aka hana ubansa hatsi, aka kore shi daga makaranta don ba shi da takarda, in masu ɗauke da bindiga suka zo suna ce masa ƙasar nan ba taka ba ce, wace hujja muka bar masa da zai ƙaryata su? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar nan a 1754, ya yi gargaɗi a littafinsa Bayanu Wujubil Hijira cewa fifita wata ƙabila a kan wata yana cikin abubuwan da ke saurin rusa mulki. Mun san kakannin mutanen Maraɗi da Tsibiri sun yi shekaru suna gwabzawa da daular Sakkwato, amma gaskiya ba ta da ƙabila, ita ma.

Kada kuma Bahaushe ya ɗauka kullum shi ne mai gida. Ɗan kasuwar Madarumfa in ciwo ya kama shi a Bilma ko Ngigmi ko Tera, shi ne baƙon harshe, kuma wannan nasiha ta hau kan ma'aikacin can kamar yadda ta hau kan na nan.

Ga shugabannin ma'aikatu da na ƙungiyoyin agaji, in za a ɗauki mai gadi, mai awon yara, mai faɗakarwa a ƙauyuka, a ɗauko daga cikin mutanen da ake yi wa aikin, har da matansu, domin mabukaci yakan saki jiki in ya ga nasa a bayan tebur. A buɗe hanyar kai kuka wadda ba ta bukatar rubutu, tun da mafi yawan waɗanda ake zalunta ba su iya rubutu ba. Ma'aikacin da ya ga abokin aikinsa yana wulaƙanta mutum ya yi masa nasiha a keɓe, in bai bari ba ya kai shi gaba. Wannan ba annamimanci ba ne, taimakon ɗan'uwa ne ta hanyar riƙe hannunsa daga zalunci, kamar yadda hadisi ya fassara.

Ga kwamitocin masallatanmu kuwa, Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wata baƙar mace mai share masallacin Madina. Ta rasu, aka binne ta ba a sanar da Annabi (S.A.W.) ba, kamar an ƙanƙanta sha'aninta. Shi ne ya lura ba ya ganinta, ya tambaya, ya sa aka nuna masa kabarinta ya yi mata salla. Saboda haka muna roƙon kowane kwamiti, kafin rabon zakka mai zuwa, ya ɗauko littafin bara ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya ga ko akwai na mutanen zango da na ruga da na baƙin da suka sauka a bayan gari. In babu, a tura mutum biyu, ɗaya mai jin harshensu, su je su zauna a tabarmarsu, su sha abin da aka ba su, su rubuto marayu da zawarawa da tsofaffi. A riƙa tura mace tare da su, domin akwai gidajen da namiji ba zai ji komai ba sai "lafiya lau".